Tambayar da Na Kai Gwandu

Motar da na shiga a Sakkwato ba ta cika ba sai wajen ƙarfe goma, lokacin rana ta riga ta fara dukan rufin mota. Mako na uku ne na watan Mayu, ƙarshen bazara, irin lokacin da mutum kan sha ruwa ya ji kamar a yashi ya zuba shi. A jakata akwai kaya kala biyu, da sabon littafin rubutu, da babi na biyu na kundin digirina na uku, wanda malamar da ke duba aikina ta dawo mini da shi ya sha jan biro. A ƙasan shafin ƙarshe ta rubuta mini layi ɗaya: duk misalanka na Turai ne, shin mutanen da ka fito cikinsu ba su taɓa tambayar yadda ake sanin abu ba?

Fannina shi ne tarihi da falsafar kimiyya. Fiziks na fara karantawa, kuma a can ne na lura ana ba mu dokoki a gama, kamar tuwon da aka kwashe aka rufe, ba a nuna mana tukunyar da aka tuƙa shi. Masanin kimiyya yana tambayar me ke sa ruwa tafasa. Mu kuma muna tambayar me ya sa aka yarda da amsarsa, wa ya fara faɗa, da wane kayan aiki ya auna, wace amsa aka jefar kafin a karɓi wannan, kuma me zai faru da ita ranar da gwaji ya saɓa mata. Shekara biyu ina cikin wannan, amma tambayar malamata ta tsaya mini a wuya kamar ƙayar kifi. Mahaifiyata 'yar Jega ce, kuma ƙanenta da ke zaune a Birnin Kebbi ya taɓa ba ni labarin wani tsohon malami a Gwandu wanda manoma ke zuwa wurinsa tambayar taurarin damina. Shi na fito nema.

Mun wuce Boɗinga, inda Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna kafin ya koma Gwandu, muka wuce Shagari da Tambuwal. Kafin a kai Jega hanci ya gaya mini mun iso Aliero. Albasa ce ko'ina, a buhu, a ƙasa, da cikin rudu, ɗakunan karan nan da ake jibge ta don iska ta riƙa ratsa ta kada ta ruɓe kafin farashi ya tashi. Akwai jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha a garin, an kafa ta a 2006, amma tun kafin a aza tubalinta Aliero ta yi suna da wani ilimi daban, wato ɗori.

A motarmu akwai wani dattijo da jikansa ɗan shekara goma, wanda ya faɗo daga bishiyar mangwaro, an rataye masa hannu a wuya da ɗankwali. Da suka sauka sai na bi su, ko da yake ba haka na tsara ba. Mai ɗorin mutum ne mara yawan magana. Ya bi hannun yaron da babban yatsa a hankali, kamar mai laluben allura a tabarma, ya tsaya a wuri ɗaya, ya sa mutum biyu suka riƙe, ya yi bisimilla ya ja. Yaron ya yi ƙara ɗaya. Aka jera karan ɗori aka ɗaure, ya matsa farcen yaron ya ga jini ya dawo, sannan ya ce wa kakan in yatsu suka kumbura ko suka yi sanyi kada a jira gari ya waye. Na ga gwaninta a wurin, ba ni da shakka.

Da ya wanke hannu na gaishe shi, na ce, "Baba, a cikin waɗanda kake ɗorawa, kamar nawa ne abin ba ya yi?"

Ya dube ni, bai ji haushi ba. Ya ce, "Yaro, wanda duk yaw warke shina dawowa shi yi godiya. Wanda bai dawo ba, Allah ɗai yas san labarinai."

Da daddare a Birnin Kebbi, bayan mun ci tuwon shinkafa da miyar kifi a gidan kawuna, wani abokina likita ya zo gaishe ni. Na ba shi labarin, sai fuskarsa ta canza. Ya ce shi abin da yake gani shi ne hannun da aka ɗaure tamau har jini ya daina gudu, a kawo yaro bayan kwana huɗu naman ya mutu, ba sauran dabara sai yankewa. Na tambaye shi nawa ya gani cikin waɗanda suka warke a hannun masu ɗori. Ya yi shiru, ya ce waɗannan ai ba sa zuwa asibiti. Mutum biyu ke nan masu gaskiya, tsakaninsu tafiyar da ba ta kai awa biyu ba, kowanne yana riƙe da rabin lissafi, kuma ba wanda ya taɓa haɗa rabin da rabi. Na tuna Abubakar Ar-Razi, likitan Rayyi da Bagadaza da ya rasu wajen 925, wanda ya rubuta cewa ya yi wa wasu masu alamun ciwon sarsam, mai kama da sanƙarau, tsaga ya fitar musu da jini, ya bar wasu da gangan bai yi musu ba, don ya ga bambanci kafin ya yanke hukunci. Maganin nasa ba shi ne abin koyi ba a yau. Abin koyi shi ne ya san idan bai ajiye rukuni na biyu ba, idonsa zai nuna masa abin da ransa ke so ne kawai. A daren nan na kasa barci, rabi don zafi, rabi don wannan.

Washegari na shiga motar Gwandu. Wanda ya san girman sunan zai yi mamakin shirun garin, domin fadar Sarkin Gwandu tana Birnin Kebbi ne yanzu. Amma nan ne jama'ar Shehu suka kafa sansani a 1805, shekarar da Malam Abdullahi ya ci Birnin Kebbi, kuma nan aka binne shi da ya rasu a 1829. Na fara zuwa hubbarensa na yi addu'a. Ina tsaye a wurin ina tuna ɗan littafinsa Ida'un Nusukhi, inda ya jera malaman da ya yi karatu a wurinsu da littattafan da ya karanta gun kowanne. Ga mai irin aikina wannan littafi ya fi zinariya, don yana nuna abin da ake koyarwa a ƙasar nan shekaru fiye da 200 da suka wuce, daga bakin wanda ya zauna a gaban malaman. A ciki ya ce ya ɗauki ilimin tauhidi a wurin wansa Shehu Usmanu daga littattafan Sanusi da sharhohinsu. Na sha karanta layin ina wucewa. Ban san zai dawo mini da yammacin ranar ba.

A wannan garin ne kuma Bajamushen nan Heinrich Barth ya sauka a 1853, zamanin Sarki Halilu ɗan Abdullahi. A nan aka ara masa Tarikhus Sudan, ya zauna kwanaki yana kwafar abin da ya iya, kuma ta wannan hanya masanan Turai suka fara sanin tarihin daular Songhai dalla-dalla. Ya ɗauka Ahmad Baba na Tumbuktu ne ya rubuta shi, sai daga baya aka tabbatar na Abdurrahman As-Sa'adi ne. Baƙo ya zo neman ilimi, ya same shi a gafakar wani malamin Gwandu.

Bari in faɗi wani abu da ke damuna. Idan aka tayar da zancen kimiyya a ƙasar Hausa, mun iya jero sunaye. Mu ce Muhammadu Al-Kashinawi, wanda ya yi rubutu kan murabba'an lissafi irin na hatimi masu adadin mara, ya rasu a Alƙahira a 1741. Mu ce Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da rubuce-rubucensa na likitanci, har da wanda ya keɓe wa ciwon basir. Mu ce Abdulƙadir ɗan Tafa na Salame, jikan Shehu, wanda ya shiga falsafa da gaske, ya rasu a 1864. Duk gaskiya ne, kuma ina alfahari da su. Amma da zarar mun gama jerowa sai mu tafa wa kanmu mu tashi. Ba mu cika zama mu tambayi me suka ce ba, da wace hujja, ina suka dace, ina suka kuskure. Wanda ka ƙi bincika kuskurensa ba ka ɗauke shi masani ba, ka ɗauke shi ado ne na bango.

Zauren malamin yana bayan kasuwa. Na tarar da shi a kan buzu bayan la'asar, tsoho siriri mai farin gemu, almajirai uku a gefe. Na durƙusa na gaishe shi, na ajiye goro da turaren da kawuna ya ba ni in kai, na faɗi ko ni jikan wane ne a Jega. Sai da aka gama tambayar mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce, "To, ɗana, mi yak kawo ka?"

Na ce, "Allah ya gafarta malam, lissafin taurari na zo in ji."

Ya sa aka ɗauko wata gafaka, ya zaro 'yan takardu marasa ɗinki da gefensu ya cinye, amma bai ko dube su ba. Da ka ya kawo taurarin, 28 cif, bakwai-bakwai. Na damina: Haƙ'a, Han'a, Zira'a, Nasara, Ɗarfa, Jabha, Harsan. Na kaka daga Sarfa zuwa Ƙalbu. Na ɗari daga Shaula zuwa Sa'adul Ahbiya. Na bazara kuma su ƙare da Buɗaini, Surayya, Dabaran. Kowanne kwana 13, ban da Jabha mai 14, wadda ya ce tana faɗowa cikin marka. Na buga a raina: 27 sau 13 ya ba da 351, a ƙara 14, ga 365. Ya ce ba da watannin Musulunci ake bin su ba, tunda waɗannan suna zagaya shekara, azumi ya zo yau da zafi, bayan wasu shekaru ya zo da sanyi. Da watannin ajami ake bi, Yanayir, Fabarayir, har zuwa Dujambar, kuma nasu yana bayan na kalandar gwamnati da kwana 13.

Wannan kwana 13 na san daga inda ya fito. Tsohuwar kalandar Rumawa ce ta Yuliyas Kaisar, wadda shekararta ta fi shekarar yanayi tsawo da 'yan mintoci, har takan zame da kwana ɗaya duk shekara 128. A 1582 Fafaroma Giregori ya sa aka tsallake kwana 10 aka gyara ƙa'idar, amma manoman Magrib, can Arewacin Afirka, suka ci gaba da tsohuwar, kuma ta hanyar littattafansu ta ƙetaro Sahara. Ga ta a zaure a Gwandu tana aiki, ƙarnuka bayan masu ita sun ajiye ta.

Ya ce yanzu muna cikin Dabaran, tauraron ƙarshe na bazara. Na nemi izini na fito da wayata, na buɗe manhajar da ke nuna sararin sama. Rana tana daf da Surayya, wadda mu ke kira kaza da 'ya'yanta, ba ta kai Dabaran ba tukuna. Na yi masa bayani yadda na iya: duniya tana juyi kamar katantanwar yara, kanta yana ɗan lilo a hankali, sai ya yi wajen shekara 26,000 kafin ya gama zagaye ɗaya. Saboda haka taurari suna zamewa daga lokutan shekara da kwana ɗaya a kusan kowace shekara 71. Wani Bagirke mai suna Hipparchus ne ya gano haka fiye da shekara 100 kafin haihuwar Annabi Isa, ta hanyar gwada awonsa da na waɗanda suka riga shi.

Na zaci zai musa. Sai ya ce, "Shekara nawa kac ce?" Na maimaita. Ya rufe ido, leɓɓansa suna motsi, ya ce, "Ashe cikin shekara ɗari tara da ashirin da ukku tauraro guda na gocewa ɗungum." Haka ne kuwa, 13 sau 71.

Sai ya gyara zama. "Awo, na yarda. Amma ka san tauraro ba shi kawo ruwa. Allah ka kawo ruwa." Ya kawo hadisin Zaidu ɗan Khalid na Hudaibiyya, wanda ke cikin Muwaɗɗa, inda aka yi ruwa da dare, da safe Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bambanta wanda ya ce an shayar da mu da falalar Allah da wanda ya ce an shayar da mu saboda tauraro kaza. Ya ce sunayen nan turaku ne da aka kafa a jikin shekara don a san inda ake. Sannan ya juya ga wani almajiri ya ce ya karanto ma'anar hukuncin al'ada. Yaron, wanda bai wuce shekara goma sha bakwai ba, ya rero shi da Larabci daga Muƙaddimar Sanusi, malam ya fassara: tabbatar da alaƙa tsakanin abu da abu ta hanyar maimaituwa, tare da cewa yana iya saɓawa, kuma ba ɗayansu ne ke yin tasiri a ɗayan ba.

Tsigar jikina ta tashi. Zango guda cur na yi a aji kan wannan matsala, da sunan David Hume na Sikotlan, wanda ya rubuta a 1739 cewa duk yawan ganinmu wuta tana ƙona abu, ba mu taɓa ganin igiyar da ta ɗaure sababi da sakamako ba, biyowa kawai muke gani, sabo ne ke sa mu jira ta gobe. Muhammadu ɗan Yusuf As-Sanusi na Tilimsan ya rasu a 1490. Kafin shi Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kawo misalin wuta da auduga, Ibnu Rushdi na Andalus kuma ya mayar masa da martani cewa wanda ya soke sababi ya soke ilimi. Ba ina cewa maganarsu ɗaya ba ce. Su Gazali sun mayar da alaƙar ga nufin Allah, Hume ya mayar da ita ga ɗabi'ar tunanin ɗan Adam, kuma wannan bambanci babba ne. Amma ramin da suka leƙa ɗaya ne: me ya ba ka tabbacin abin da ya saba faruwa zai sake faruwa? Tambayar da na ɗauka sai an ci jarrabawar shiga digiri na biyu ake jin ta, ga yaro yana rera ta a zaure, kamar yadda Malam Abdullahi ya karance ta a gaban wansa.

Duk da haka ban bar maganar a nan ba, don da na bar ta da na ci amanar karatuna. Na ce, "Allah ya gafarta malam, akwai wani masani, Karl Popper, da ya ce a 1934 magana ba ta zama ta kimiyya sai in akwai abin da zai iya ƙaryata ta. In ka ce a yi shuka a tauraro kaza, ruwa ya zo, an ce ka dace. In bai zo ba, an ce dama al'ada tana iya saɓawa. To yaushe lissafin zai faɗi?"

Almajiran suka sunkuyar da kai. Shi kuwa murmushi ya yi. Ya ce saɓawa sau ɗaya daban, saɓawa sau goma daban. Abin da maimaituwa ta kafa, maimaituwa ce ke rushe shi. Ya ce mahaifinsa yakan ce wa mutane su zuba maiwa da ruwan farko ba fargaba, don damina tana kai ta. Da aka yi farin 1973, aka sake yin na 1984, ruwa ya riƙa ɗaukewa da wuri shekara bayan shekara, tsohon ya daina faɗin haka, ya koma ce musu su fi ba gero ƙarfi, mai nuna da wuri. "Taurarin na nan inda munka gaje su," in ji shi, "amma abin da muka rataya musu ya sake."

Wannan amsa ta fi kusa da yadda kimiyya ke tafiya a zahiri fiye da yadda Popper ya fara zana ta, kuma masana irin su Thomas Kuhn da Imre Lakatos sun yi shekaru suna nuna hakan. Lokacin da aka ga duniyar Yuranus ba ta bin hanyar da lissafin Newton ya shata mata, ba wanda ya jefar da Newton. Le Verrier na Faransa ya ce akwai wata duniyar da ba a gani ba tana jan ta, ya lissafa inda take, aka duba a Balin a 1846 aka ga Naftun. Shi dai wannan mutum, da ya ga duniyar Uɗaridu, mafi kusa da rana, ita ma tana ɗan gocewa, sai ya sake yin dabarar, ya ce akwai wata duniya kusa da rana. Aka yi ta nema ba a samu ba, har sai da Einstein ya zo a 1915 da sabon ra'i ya warware gocewar. Dabara ɗaya, sau ɗaya ta haifi nasara, sau ɗaya ta zama faci a tsohuwar riga, kuma ba wanda ya isa ya bambanta su a ranar farko. Abin da ya raba gardamar shi ne awon da aka rubuta aka ajiye, na dacewa da na saɓawa, shekara da shekaru.

A nan ne na rabu da malam, kuma na gaya masa cikin ladabi. Duk abin da ya faɗa mini a kansa yake. Kai kuwa yana riƙe shekarar da aka dace fiye da wadda aka kuskure, kuma ranar da Allah ya karɓi abinsa, rumbun ya tafi da shi. Na ba shi labarin mai ɗori da likita. Bai ce komai ba, aka kira magariba.

Bayan isha'i almajirin nan ya fita da ni bayan gari. Babu wutar lantarki, sama ta cika fal. Ya nuna mini Simaku can sama, fara tas, sannan ya juya gabas maso kudu ya nuna Ƙalbu, ja kamar garwashi a ƙirjin kunama, da Iklilu a gabanta, da Shaula a bindinta tana fitowa. Na yi shekara huɗu ina fiziks, na rubuta jarrabawa kan yadda tauraro ke ƙone makamashinsa, amma a daren nan ne aka fara nuna mini su da yatsa da sunayen da kakannina suka san su da su.

Da safe na kawo sabon littafin rubutun nan na ja layi a tsakiya. Shafi ɗaya na abin da malam ya ce za a yi da ranar da ya faɗa, ɗaya na abin da ya faru. Na roƙe shi ya bar almajirin ya riƙa cikawa. Ya karɓa ya jujjuya, ya ce a ba shi alƙalami. Da hannunsa ya ja wani layi ya fitar da shafi na uku, ya rubuta a samansa da ajami: wa ya gani.

Ya ce, "Ko wata ba a karɓa ga mutum guda, sai adilai biyu ko jama'a mai yawa. In yaro yar rubuta an yi ruwa, wa yag gani? Gonar wa? Ka bar wanga shahi, bayan shekara ashirin ba mai yarda da littahinka."

Na tuna Robert Boyle, wanda a littafinsa na 1660 kan famfon zuƙe iska ya riƙa ambaton cewa an yi gwajin a gaban mutane, don ya san gwajin da mutum ya yi shi kaɗai a ɗaki labari ne kawai. Masana tarihin kimiyya sun yi rubutu mai yawa kan yadda shaida da amana suka zama ginshiƙin gwaji a Ingila ta wancan ƙarni. Malam bai taɓa jin sunan Boyle ba. Daga ilimin isnadi da hukuncin ganin wata ya ɗauko nasa, kuma ya ga gibin da ni ban gani ba a littafin da na ja wa layi.

Kwana biyun da suka rage a Argungu na yi su. Na shiga gidan tarihi na Kanta, tsohuwar fadar da sarakunan Kabi suka zauna har 1942, aka mayar da ita gidan tarihi a 1958. Na je Matan Fada, inda ake bikin kamun kifin da ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, wanda UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2016. Ba lokacin biki ba ne, ruwa ya ja baya, sai 'yan yara da shanu. Wani tsohon masunci da ke gyaran koma a inuwa ya nuna mini busasshen laka ya ce akwai gaiwa a ƙarƙashi, ta naɗe kanta tana jiran ruwa, kuma wata da watanni za ta yi a haka tana numfashi. Na tambaye shi yadda yake gane inda giwan ruwa yake kwance alhali ruwan ba a ganin ƙasansa. Ya buɗe baki zai yi bayani, ya rufe, ya ce sai dai in na shiga ruwa tare da shi shekara uku. Irin wannan sani ne masanin falsafar kimiyya Michael Polanyi ya yi magana a kansa, wanda ke zaune a hannu da ido ba ya hawa harshe, kuma ɗakunan gwaji na zamani ma cike suke da shi. Littafina mai shafi uku ba zai iya ɗaukar wannan ba, ban kuma yi ƙoƙarin tilasta masa ba.

Na koma makaranta na rushe babi na biyu na sake gini, wannan karon daga ma'anar hukuncin al'ada. Malamata ta karanta ta ce yanzu akwai abin da za mu yi gardama a kai.

A ƙarshen watan Yuni almajirin ya kira ni. Ya ce an yi ruwan farko a Han'a, an tona ƙasa an ga ya shiga taƙi ɗaya, malam ya ce a yi shuka, mutum uku sun shaida, an rubuta sunayensu da gonakinsu. Sai ruwa ya ɗauke kwana goma sha biyu, shukar ta ƙone a gonakin tudu, aka sake sabuwa. Ya ce shi ya so ya bar shafin tsakiya fari, don yana jin nauyin rubuta cewa maganar malam ba ta yi ba. Malam ya sa aka kawo littafin, ya ce a rubuta yadda aka yi, a shafi na uku kuma a fara sa sunansa.